Ƙwaryar Maraba a Tekun Wofi

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don ni in na ɗauko zance ba na son a katse ni. Ni ne Cindo ɗan Nomau, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun hagu, wanda ƙafarsa ta taka ƙasashen da ko shaho bai san hanyarsu ba. Yau zan ba ku labarin ranar da ƙishirwa ta kai mu bakin kabari, aka miƙo mana ruwa, ni kuma na tare gaba na ce wanda zai taɓa shi sai dai ya bi ta kan gawata.

Tambaya guda ce ta raba ni da gida. Tsofaffin garinmu sukan ce tun farkon halitta kowane abu tare ya fito da akasinsa: ƙasa da akasin ƙasa, ruwa da akasin ruwa, ƙarfe da akasin ƙarfe. Launinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, ido ba ya raba su. Amma duk ranar da abu ya taɓa akasinsa, sai su cinye juna, babu abin da zai rage sai haske da zafi. Na ce, "To, in kai ɗaya suka fito, don me ba su cinye juna kaf ba? Mu ina muka ɓuya har muka rage?" Aka ce in rufe baki, wai tambayar ta fi ƙarfin gemuna. Ni kuwa in ka ce in yi shiru, zuga ni ka yi. Na ɗaure kayana. Matata Lantana ita ma ta ɗaure nata, ta ce ba za ta zauna gida tana jira in dawo mata da ƙarairayi ba, gara ta bi ni ta ga inda nake ƙera su.

Farkon abin da muka tarar shi ne Kwarin Toka, wani rami da zai haɗiye unguwa guda bai ƙoshi ba. Mutanen wurin suka ce da kasuwa ce, da rumfunanta da mahautanta da 'yan kolinta. Wata rana ƙwayar yashin akasi, wadda ba ta fi ƙwayar gero ba, ta faɗo daga sama. Shi ke nan, an gama cin kasuwa. Lantana ta leƙa, ta ja da baya, ta ce, "Maigida, wannan ne abin da kake nema?" Na ce ba shi ba, dalilinsa nake nema. Ta ce, "Allah Ya sa dalilin ya fi shi sanyin hali."

Daga nan muka faɗa Birnin Madubai, inda bango madubi ne, ƙofa madubi, har randar ruwa madubi. Baƙo in ya shiga sai ya yi ta gaisawa da hotunan mutane, yana tambayar bango hanya, har yunwa ta kayar da shi. Mun sha bulayi, goshina ƙulu kan ƙulu. Can muka hango mata suna kaɗi da wani irin mazari na shuɗin dutse. In an murza shi dama, tartsatsi yake fesarwa ta gindi, in an murza shi hagu, sai ya fesar ta ka. Lantana, da yake ta iya kaɗi, ta cafki hannuna ta ce, "Tsaya, kada ka sake gaishe da waccan. Mazarinta hagu yake juyawa, amma tartsatsin ta gindi yake fita. Ba mutum ba ce, madubi ne." Ashe madubi yana mayar da dama hagu, amma ba ya mayar da sama ƙasa. Kai, na yi tsalle! Da wannan muka riƙa tsince mutanen gaske daga cikin hotuna, har muka kai ƙofar gari.

A bakin ƙofar wata tsohuwa mai kaɗi ta ce, "Kun yi wayo, 'ya'yan nan, amma kada ku cika baki. A ƙasashen akasi, yadda na cikin madubi yake yi, haka mazarinsu yake yi da gaske. In kuwa ka kalli nasu ta cikin madubi, sai ka rantse naku ne."

Amsar tambayata a kan Dutsen Raɓa na same ta, wurin wata shaihiya, Malama Azumi. Ta nuna mana wasu 'yan ƙwayoyi da ke zubowa daga sama kamar raɓa. Ta ce sunansu 'yan tsaka, don ba su da dangi a wurinmu, ba su da dangi a wurin akasi, kuma kowace ƙasa suna sauka. Kafin 'yar tsaka ta kai ƙasa takan fashe ta saki tartsatsi guda. Wani tartsatsin in ya taɓa ƙasa sai ya yi ƙyas, ɗan walƙiya, don akasi ne, shi da ƙurar da ya taɓa sun cinye juna, sai dai ƙanƙantarsa ta sa ba ya babbake ko gashin gira. Wani kuma sai ya nutse lum, shiru, don danginsa ya iske.

Malama ta rataya ƙore biyu a kan sanda, ta yi sikeli. Almajiran karatunta duk suka zuba ido. In an ga ƙyas, a jefa ƙwayar gero a wannan ƙwarya, in an ga lum, a jefa a waccan. Da fari sikelin ya yi ta rawa, nan ya leƙa can ya leƙa. Sai da gero ya taru tuli, sannan ya kwanta, ya ɗan karkata wajen ƙyas. Aka zubar aka sake, ya sake karkata wajen ƙyas.

Ta ce, "Kullum haka yake yi. Ka kai shi gaban madubi, ƙyas ƙyas ne, lum lum ne, babu dama babu hagu. A ƙasar akasi kuwa, wannan tartsatsi mai ɗan rinjaye shi ne danginsu, saboda haka can lum ne zai fi nauyi."

Na ce, "Allah Ya gafarta Malama, ina wannan ya haɗu da tambayata?"

Ta ce, "Sikelin halitta ba daidai yake tsaye ba, ɗana, ya ɗan karkata. Da aka yi babban cin juna na farko, ɗan abin da ya yi saura a gefe mai nauyi shi ne duwatsun nan, da kai, da matarka. Na akasi kuwa sai 'yan tsibirai da suka tsira can cikin Tekun Wofi, inda babu abin da ke taɓa su. Ban ce wannan 'yar karkata kaɗai ta isa ta haifi duniya ba, ta yi kaɗan, akwai sauran nema. Amma ta nuna maka sikelin yana iya karkata."

Wallahi a gaban Malama na taka rawa, Lantana tana ja mini riga tana cewa in ji kunya. Ashe mu ragowa ne, ƙanzon tukunya! Na ce sai gida, in je in ga idon waɗanda suka ce in rufe baki. Lokacin Lantana tana da ciki, ya fara nauyi, tafiyar ƙasa ba za ta yiwu ba. Muka shiga jirgin fatake na Sarkin Jirgi Arzika, mai ratsa Tekun Wofi.

Tekun nan babu ruwa a cikinsa, babu ƙasa, haske ne ke tura filafilan jirage. Muna tsakiya sai ruwan duwatsu ya far mana, ya yayyaga filafilai, ya kautar da mu daga hanya, muka yi nisa da rana. Sanyi ya sauko. Muka ƙona itace, muka ƙona kujeru, muka ƙona har akwatunan fatake. Da wuta ta mutu, ruwan randunanmu ya daskare ya fi dutse tauri. Wani bafatake ya lasa, fatar harshensa ta zauna a can. Ga ruwa muna gani, ga ƙishirwa tana cin mu. Leɓen Lantana ya tsattsage, ta daina yi mini tsiya, kuma wannan shirun nata shi ya fi komai tsorata ni.

Sai mai tsaron gaba ya kwarma ihu. Tsibiri! Kore shar, da 'yar ranarsa ta kansa, da itatuwa, da gidaje, da rijiya a tsakiyar gari. Wasu manyan fale-falen ƙanƙara ne suka kewaye shi suna juyawa, ba ka ganin garin sai ta cikinsu, wannan ya jefa wa wancan hoto, wancan ya jefo mana. Arzika ya ɗauko kaskon magana, wani kaskon jan ƙarfe da masu jirage ke amfani da shi, mai mayar da murya haske, ya mayar da haske murya. Sai muka ji muryar wata dattijuwa, harshenta kamar namu da ɗan lanƙwasa.

"Maraba lale, baƙi! Ni ce Gwamma, Uwar Rijiyar garin nan. Ga ruwa nan tafe."

Muka ga samari sun turo wata babbar ƙwarya mai murfi, ɗaure da doguwar igiya, tana tahowa a hankali ta tsakanin ƙanƙara. Jirgi ya ruɗe da kabbara. Ni kuwa ban yi kabbara ba, don tsibiri ne a tsakiyar Tekun Wofi, kuma na ga abin da ƙwayar yashi ta yi wa kasuwa. Jirginmu ba filafili, ba mu iya kaucewa ko taku ɗaya. Na fizgi kaskon.

"Inna, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Amma ina da tambaya ɗaya."

"A'a, ɗana! A garin nan babu tambaya tsakanin baƙo da mai gida sai baƙo ya sha ruwa. Ba mu tambayarka, ba ka tambayarmu. Haka muka gada. Ruwan da aka aika wa baƙo kuwa ba ya komowa."

"Inna, wataƙila ku akasinmu ne! In ruwan nan ya taɓa jirginmu, toka ma ba za a samu ba."

Ta yi dariya ta ce, "Wayyo, ƙishirwa ta sa shi sambatu. Ku ƙara sakin igiya."

Arzika ya nuna ƙanƙara da yatsa. "Kai mai yatsu shida, kai ne ka cika mu da labarin mazari. To ga matansu can suna kaɗi. Dama yake juyawa, tartsatsi ta gindi. Namu ne!"

Na ɗaga hannuna na hagu na ce ya duba hotona. A wannan falen ɗan yatsan yana nan gefe, a na kusa da shi ya koma can gefe. Na ce, "Sarkin Jirgi, madubi ɗaya ya juya, na biyu ya maido, na uku ya sake juyawa. Ka san ta madubi nawa hoton garin nan ya biyo kafin ya iso mu? Mazarin akasi a cikin madubi da namu ba su da maraba."

Ya ce, "To mu jefa wa ƙwaryar ƙwayar gero mu gani."

"In akasi ce, ba gero kaɗai zai tashi ba, ƙwaryar za ta tarwatse, ruwanta ya feso mana."

Ya ɗauko sandar ƙugiya, idonsa jawur. Ya ce mutanensa suna mutuwa, in na sake tare shi zai sa a ɗaure ni a jikin turken jirgi. Ban ga laifinsa ba, amma ban matsa ba. Muna cikin wannan sai ga Lantana ta rarrafo, ta karɓi kaskon daga hannuna. Muryarta kamar ana goga busasshen kara.

"Inna, sannu da aiki. Ni ba tambaya zan yi ba. Ciki gare ni, ga shi kina gani. Wani kwaɗayi ne ya taso mini."

Gwamma ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! 'Yata, faɗi. A garin nan ba a hana mai ciki abin da ranta ke so, kada ɗa ya fito da tabo."

"'Yan tsakan nan masu sauka kamar raɓa. So nake in ga garinku kaf an zauna, ƙyas a jefa gero nan, lum a jefa can, a rataya a sanda in ga wanda zai rinjaya. In ban gani ba, ruwan nan ba zai wuce mini maƙogwaro ba."

Dattijuwar ta tuntsire da dariya. "Na ga mai kwaɗayin ƙasa, na ga mai kwaɗayin gawayi, yau ga mai kwaɗayin sikeli! Ku buga ganga!"

Jama'a, ku zo ku ga gari ya tashi! Mata suka yar da mazari, maƙera suka bar wuta, tsofaffi suka fito da sanduna, kowa ya tsuguna ya ƙura wa ƙasa ido. Ta cikin kasko muna jin su, "Ƙyas! Lum! Lum! Ƙyas!" kamar kasuwa ta ci. Mu ma na rataya namu sikelin a kan turken jirgi, na ce duk mai sauran numfashi ya dubi katakon da yake kwance a kai. Waɗanda harshensu ya kumbura suka riƙa nuni da yatsa, ni ina jefa gero. Ƙwarya kuwa tana ta matsowa.

Sikelin garin ya yi rawa, ya yi rawa, sai ya leƙa wajen ƙyas. Arzika ya ce, "Alhamdu lillahi!" ya miƙa ƙugiya. Na yi tsalle na rungume sandar, muka faɗi tare muna birgima. Ina ihu, "Bai kwanta ba! Geron bai taru ba! Sauri ya haifi nawa, Sarkin Jirgi!" Ya kai mini naushi a baki, ban saki ba. Lantana tana ta faɗa wa kasko, "Inna, a ƙara, raina bai kwanta ba, a ƙara!"

Aka kawo manyan masakai aka sauya ƙore, gero ya yi tuli. Namu ya daina rawa, ya kwanta wajen ƙyas kamar yadda na sani. Nasu ya dawo tsakiya, ya tsaya cik, sannan a hankali, a hankali, ya sunkuya wajen lum. Aka ƙara gero, bai tashi ba. Aka sake ƙarawa, ya ƙara sunkuyawa. Arzika ya saki sandar da kansa.

Na ja jiki zuwa kasko, jini na zuba a bakina. "Inna, ba tambaya ba ce, magana ce. Dubi namu, dubi naku. Raɓa ɗaya ce ke sauka a kanmu duka. Tartsatsin da ya iske dangi a ƙasarku, shi ne yake cin wuta a kan katakonmu. Ɗan ƙyas ɗin nan da kike gani, tartsatsi guda ne. Ki auna ƙwarya cike."

Ƙwaryar ta iso har ina ganin zanen da aka ƙona a jikinta, tsakaninta da hancin jirgi bai fi tsawon mashi ba. Gwamma ta dubi sikelinmu, ta dubi nasu. Ta ce, "Ku ja." Samarin suka tsaya suna kallon juna, don tun da aka kafa garin ba a taɓa yi ba. Sai ta ture su, ta naɗe igiyar a hannunta, tsohuwa da ita, ta turje ƙafa ta ja, tana ihu, "Na ce ku ja, 'ya'yan banza!" Suka rufa mata. Ƙwaryar ta tsaya, ta yi ɗan lilo, ta fara komawa. A jirginmu wasu suka fashe da kuka ba hawaye, wani ya tsine mini. Na ji daɗi mun tsira, amma da na dubi leɓen Lantana sai daɗin ya gudu.

Ina durƙushe sai na lura da hannuna. Wani falen ƙanƙara ya jefo hasken ranarsu a kansa, ina jin ɗumi, kuma ban ƙone ba. Na daka tsalle na cafki kasko. "Inna! Haske ba shi da akasi, naku ne namu ne! Muna da ruwa, daskarewa ya yi!"

Ba ta jira na ƙarasa ba. Aka fito da tasoshi, da farantai, da madubin amare, duk abin da ke ƙyalli a garin, aka saita su wuri ɗaya. Mu kuma muka gangaro da randuna saman jirgi. Haske ya sauko musu kamar rana tsaka. Muka ji ƙas, muka ji ƙas-ƙas, sai ga ɗigo, sai ga ruwa yana kwaranya! Arzika da kansa ya tara ludayi ya kai wa Lantana. Ta sha, ta sha, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Maigida, dubi bakinka, kamar an taka tumatir." Na san matata ta dawo. Jirgi ya kaure da guɗa, garin ma suka amsa, masu ɗinki suka hau gyaran filafilai a cikin ɗumin.

Da hayaniya ta lafa, muryar Gwamma ta fito daga kasko, ƙasa-ƙasa.

"Kun sha?"

Na ce, "Mun sha, Inna. Allah Ya ba ki Aljanna."

"To, yanzu ina da ikon tambaya." Ta numfasa. "Ba ku ne baƙinmu na farko ba. Uwata ta aika ruwa, kakata ta aika, ni ma na aika da hannun nan. Duk sa'ad da ƙwarya ta isa, sai mu ga wani babban haske ya cika sama, igiya ta dawo a ƙone. Sai mu yi guɗa, mu ce baƙo ya sha, ya kunna mana fitilar godiya, ya wuce. Har biki muke yi." Ta dubi Lantana. "Ɗana, waɗancan jiragen, su ma da mata masu ciki a cikinsu?"

Ni Cindo, da ba a taɓa rufe mini baki ba, na miƙa wa matata kaskon. Lantana ta karɓa, ta dafa cikinta, ta ce, "Inna, ai ba ku sani ba."

Gwamma ta ce, "Ba wannan na tambaye ku ba, 'yata."

Aka miƙa mata ƙwaryar da ta komo. Ta zauna a ƙasa a bakin rijiya, ta ɗora ta a cinya ta rungume. Mutanenta ba su sauke tasoshin ba, haskensu ya cika filafilanmu, jirgi ya fara tafiya. Na tsaya a baya ina kallo har ƙanƙara ta rufe garin, ba ta tashi daga wurin ba.